GONARKA DA RUWANKA: INA SHAIDARKA?

  

Kun saba ji daga bakinmu maganar iri, da taki, da feshi, da tazarar shuka. Yau ba wannan ta kawo ni ba. Maganar yau ita ce ta ƙasar da ake zuba irin a cikinta, da ruwan da ake ba shi. Dalili kuwa shi ne, sau da yawa mukan ce wa manomi ya kai takin gargajiya gona, ya dasa itatuwa, ya haƙa rijiya a fadama, sai ya yi shiru, ya dubi ƙasa. In ka matsa masa sai ya ce, "Malam, gonar fa ba tawa ba ce." Ko kuwa tasa ce, amma bai san ranar da wani zai taso masa a kanta ba. Mutumin da ba shi da tabbacin zai nome gona baɗi ba zai kashe mata kuɗi bana ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Bari in ba ku labarin da na gani da idona. Wani manomi ya karɓi aron fadama a hannun abokinsa, ba takarda, ba shaidu, sai amana. Ya share ta, ya kashe ƙaya, ya sa aka buga masa rijiyar burtsatse, ya sayi injin ban-ruwa, ya dasa mangwaro da gwaiba a gefe. Yana cikin cin moriyarta sai mai fadamar ya rasu. Da aka zo rabon gado magada suka ce a ba su wurinsu. Ya ce to, rijiyata fa, da itatuwana? Suka ce ba su san da wannan zance ba. Injinsa kaɗai ya ɗauka ya fita. Ba su zalunce shi a kan fadamar ba, don tasu ce. Amma da an yi magana a gaban shaidu tun ranar farko, da bai fita hannu rabbana ba.

Ƙasa ta wane ce?

Tun zamanin Turawa, a shekarar 1910, aka yi doka cewa ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin kulawar Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan a dokarta ta 1962. Sa'an nan ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta game Nijeriya duka. Ita ce ke aiki har yanzu, an kuma ɗaure ta a cikin tsarin mulki na 1999, saboda haka canja ta ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ta ce a taƙaice shi ne, ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna a matsayin amana. Kai abin da ke hannunka shi ne haƙƙin zama da amfani. Kada wannan ya tayar maka da hankali. Dokar da kanta ta ce wanda ke noma gonarsa a karkara tun kafin 1978, ya ci gaba da riƙonta kamar Ƙaramar Hukuma ce ta ba shi, ko da ba shi da takarda. In ya mutu kuwa, haƙƙin ya koma ga magadansa bisa shari'a ko al'adar da ta shafe shi. Ƙasar karkara Ƙaramar Hukuma ke ba da izni a kanta. Ƙasar da aka ayyana ta shiga birni kuwa, wannan sai ofishin filaye na jiha. Ku da gari ya fara cimma gonakinku, ku riƙa tambaya ko an ja layin birni ya haɗa da ku, don daga ranar nan maganar ta bar hannun Ƙaramar Hukuma.

Akwai wata dama da mutane ƙalilan ne suka san da ita. Mai tsohuwar gona yana iya kai wa Ƙaramar Hukuma zanen gonarsa, ko cikakken bayanin iyakokinta, ya nemi a rubuta sunansa a rajista. Dokar ta kuma ce sayarwa ko jinginar da irin wannan haƙƙi sai da amincewar Ƙaramar Hukuma. Na sani a ƙauye ciniki a zauren dagaci yake ƙarewa. Takardar dagaci tana da amfani ƙwarai, shaida ce, amma ba ita ce iznin hukuma ba. In kuɗin da ka biya masu nauyi ne, daure ka ƙarasa da takardar har sakatariya.

Ta wace hanya gonar ta zo hannunka?

Nan ne gizo ke saƙa. Gona takan zo hannun mutum ta gado, ko saye, ko kyauta, ko aro, ko haya, ko jingina, ko kuwa ya sari daji da iznin mai gari. Uku na farko sun ba ka gonar. Aro da haya da jingina kuwa amfaninta kawai suka ba ka, komai daɗewar da ka yi.

Ku lura da wannan da kyau, don a kansa ake yawan zuwa gaban alƙali. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, akwai abin da ake kira hauzi. Watau in mutum ya riƙe gona shekara 10 yana nomanta kamar tasa, mai ita yana gari, yana gani, ba abin da ya hana shi magana, bai kuwa yi ba, to in ya zo daga baya yana da'awa ba za a saurare shi ba. Tsakanin 'yan'uwa lokacin ya fi haka tsawo, yakan kai shekara 40, saboda an san ɗan'uwa yakan yi kawaici. Amma hauzi ba ya cin gonar da aka tabbatar aro ce, ko haya, ko jingina. To, ka ga ke nan duk shari'ar ta rataya a kan abu guda: wa zai shaida cewa aro ne? In waɗanda suka san asalin maganar duk sun mutu, ɗan mai aro zai rantse cewa ya buɗi ido ya ga ubansa yana noma wurin, kuma gaskiya ya faɗa.

Saboda haka kai mai ba da aro, kada kunya ta hana ka. Kira shaidu biyu adalai, ka haɗa da matasa a wurin, ba tsofaffi kaɗai ba. A rubuta, da boko ko da ajami, duk wanda ya samu. A faɗi shekara nawa. Iyayenmu suna da dabara mai kyau: mai aro yakan kai wa mai gona dami ɗaya ko kwanon hatsi kowace kaka. Ba don yunwa ake karɓa ba, don gari ya riƙa tunawa da mai gonar ne. Kada ku bar wannan al'ada.

Kai kuma mai karɓar aro ko haya, naka kiyayewar ya fi yawa. Kafin ka kai jaki ɗaya na taki, ku yi magana. Takin shanu ba a shekara ɗaya yake ƙarewa ba, amfaninsa yakan bi ƙasa shekara biyu ko uku, don haka hayar shekara guda ba ta biyan mai taki. Nemi a ba ka shekara uku ko fiye. In za ka haƙa rijiya ko ka dasa itace, a rubuta wanda zai mallake su ranar da za ka fita, da abin da za a biya ka. Kada kuma ka ji haushi in mai gona ya hana ka dashe. Yana tsoron kada itacen ya zama hujja a kansa ne wata rana. A rubuta cewa dashen bai ba ka ƙasa ba, sai hankalinsa ya kwanta.

Jingina ita ce ta fi cin gonakin talakawa. Biki ya taso, ko ciwo, ko bashin taki, sai a karɓi kuɗi a miƙa gona, a ce sai ran da aka samu. Shekaru su wuce, darajar kuɗi ta faɗi, darajar gona ta hau, wanda ya karɓa ya ƙi sakinta, ko ya ce ai sayarwa aka yi. Gonar jingina tana nan a matsayin ta mai ita, ranar da ya kawo kuɗin sai a mayar masa, magadansa ma suna iya fansarta. Amma a rubuta kalmar jingina ɓaro-ɓaro, da adadin kuɗin, da lokacin da za a iya fansa, watau bayan an kwashe amfani, ba tsakiyar damina ba. Ban da haka, malamanmu suna da magana a kan mai ba da rance ya riƙa cin amfanin gonar da aka jinginar masa kyauta, suna ganin riba ce a kan bashi. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, ku tambaye su. Amma a ganina, in dai kuɗi kake nema, gara ka ba da hayar gonar na shekara biyu ko uku, wa'adi ya cika ta dawo maka ba ka biya kowa ba.

Iyaka da itatuwa

Wannan ba ta son dogon bayani. Kunyar iyaka garmar shanu takan ci ta kaɗan-kaɗan, balle tarakta. Ku dasa abin da zai rayu, kamar gamba, ko aguwa, ko bini-da-zugu, ko dashi, kuma ku dasa tare da maƙwabci, yana tsaye. Iyakar da mutum ɗaya ya dasa shi kaɗai ita ce farkon rigima.

In za ka sayi gona mai ɗorawa, ko kaɗanya, ko tsamiya, ko giginya, tambaya ko da itatuwan aka sayar maka. A wurare da yawa mai ƙasa daban, mai itace daban. Kada sai kalwa ta nuna ka ga waɗansu sun shigo da ƙugiya.

Gonar mata, da gandu, da gado

A nan zan ɗan daɗe, kuma ina roƙon magidanta su yi haƙuri da ni.

A shari'ar Musulunci aure ba ya haɗa dukiyar miji da ta mata. Sadakinta nata ne. Akuyar da ta saya da kuɗin ƙuli-ƙuli tata ce. Gonar da ta gada daga ubanta tata ce, ko da mijin ne ke nomanta shekara da shekaru. Ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa sai da yardarta. In aure ya mutu, da gonarta za ta tafi. In shi ya mutu, a fitar da gonarta gefe tukuna kafin a fara lissafin gado. Na sha ganin an haɗa gonar mace cikin gonakin mamaci an raba, har 'ya'yan kishiya sun samu rabo a ciki, don kawai kowa ya saba ganin maigida a wurin. Maigida, kai ne za ka hana wannan. Tun kana da rai ka tara manyan 'ya'yanka ka ce, gonar gindin kuka ta uwar wane ce, ba tawa ba ce.

Haka kuma gayauna. Uba yakan yanka wa ɗansa ko matarsa wani yanki daga gandu, su noma na kansu da yamma ko ranar hutu. Shin kyauta ce, ko aro? In ba a faɗa ba, ranar rabo sai ta koma cikin gado. In kyauta kake nufi, faɗa a gaban shaidu, ka kuma sakar masa wurin ya karɓa tun kana da lafiya. Kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya kwanta ciwon ajali ko ya mutu, ta ɓaci. Wasiyya kuwa ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yin ta ga wanda zai ci gado, sai in sauran magada sun yarda.

Ga misalin rabo. A ce mutum ya rasu ya bar gona eka 8, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza 2, mata 3, iyayensa kuwa sun riga shi. Bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya in akwai, matar tana da tumuni, watau eka 1. Saura eka 7. Namiji yana ɗaukar rabon mace biyu, saboda haka kowane ɗa eka 2, kowace 'ya eka 1. In matan aure sun fi ɗaya, tumunin nan guda za su raba. In ba ɗa ko jika ta wajen ɗa namiji, rabon mata ya zama rubu'i. In uban mamaci ko uwarsa suna da rai, lissafin ya canja, sai a je wurin masani. Waɗanda ba Musulmi ba kuma al'adarsu ko dokar aurensu za a bi.

To, ina eka 3 ɗin nan na 'ya'ya mata sukan shiga? Sau da yawa sai 'yan'uwa maza su ce, ai ku kuna gidan miji, bari mu riƙe muku. Riƙon ba laifi ba ne in da yardarsu, ana kuma kai musu rabonsu da kaka. Laifin shi ne riƙon da ba a auna ba, ba a nuna iyaka ba, har mace ta mutu 'ya'yanta ba su san uwarsu tana da ko taki ɗaya a wurin ba. A auna, a nuna wa kowace nata, sa'an nan in ta ga dama ta ba da haya ko aro ga ɗan'uwanta.

Na san abin da za ku ce: in aka yi ta yanka gona, ƙarshenta kowa zai tashi da abin da bai isa shanu su juya ba. Gaskiya ne, mu ma abin yana damunmu. Amma maganinsa ba hana mai haƙƙi haƙƙinsa ba ne. Ana iya sanin rabon kowa a takarda, a ci gaba da noma wurin a haɗe, a raba amfani. In kuwa ɗaya daga cikin masu tarayya ya sayar da rabonsa ga bare tun ba a raba ba, sauran suna da haƙƙin shufu'a, watau su biya kuɗin da baren ya biya su karɓi wurin. Sai dai ba a jinkiri da ita. In ka ji an sayar ka yi shiru har lokaci ya ja, ta wuce ka.

Ruwa

Dokar ruwa ta tarayya ta 1993 ta sa ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya. Amma ta bar wa kowa ya ɗebi na sha da na aikin gida, ya shayar da dabbobinsa kyauta, a duk ruwan da jama'a ke da hanyar zuwa. Mai gona kuma yana iya jan ruwan ƙarƙashin gonarsa, ko na kogin da gonar ta yi iyaka da shi, ya yi ban-ruwan kansa ba tare da ya biya ba. Ka ga ke nan gonarka ta bakin rafi ta ba ka damar jan ruwa, amma ba ta ba ka rafin ba. Da can da ake ban-ruwa da jigo, abin da mutum zai ɗiba bai taka kara ya karya ba. Yanzu inji ne, mutum goma in suka tare rafi a sama, na ƙasa sai su ga tumatir ɗinsu yana ƙonewa a watan Maris. Ku zauna tun kafin a yi reno, ku raba kwanaki, ku sa mai unguwa ya shaida. Kada kuma a shuke mashaya. Inda shanu suka saba sauka su sha ruwa, da burtalin da ke kai su can, a bar su a buɗe. Tun 1965 akwai dokar keɓe makiyaya a Arewa, burtali kuwa ya girmi dokar. Wanda ya shuka albasa a kan hanyar shanu ya san abin da zai biyo baya.

Masu noma a ƙarƙashin manyan madatsai, kamar aikin Kadawa da ke shan ruwan Tiga, ku ruwanku na hukumar kogi ne, ana biyan kuɗinsa. Ku riƙe rasit, ku shiga ƙungiyar masu amfani da ruwa ta sashenku, don da bakin ƙungiya ake jin kukan wanda ke ƙarshen kwata. Abin da aka tare a sama kuwa dole a ji shi a ƙasa. Tun da aka gama Tiga a 1974, da Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta canja, manoman shinkafa da masunta na can sun san haka.

In hukuma ta zo karɓar gona

Gwamna yana da ikon soke haƙƙinka saboda aikin jama'a, kamar hanya, ko makaranta, ko madatsar ruwa. Amma sai an ba ka sanarwa a rubuce daga jami'in da aka ba izni. Diyya kuwa, ku ji da kyau, ba ta ƙasar ba ce. Ta abin da ka ɗora a kanta ce: amfanin da ke tsaye, da itatuwa, da gini, da rijiya, da aikin ban-ruwa. In Ƙaramar Hukuma ce ta karɓi gonar noma, dokar ta ce ta ba ka wata a madadinta. Wannan magana ba wasa ba ce. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, rikicin diyya da rabon gonaki ne ya kai ga arangama tsakanin manoma da 'yan sanda a watan Afrilu 1980, aka rasa rayuka.

Saboda haka ranar da masu ƙidaya za su zo, kada ka aika yaro. Tsaya da kanka. A ƙirga kowane itace a gabanka, manya daban, ƙanana daban. A rubuta sunan mai gonar na gaskiya, in ta matarka ce a sa sunanta, in ta marayu ce a sa nasu. In kai ɗan haya ne, a rubuta cewa shukar taka ce. Kada ka sa hannu ko ka dangwala a kan takardar da ba a karanta maka ba. In kuɗin da aka yanka bai gamshe ka ba, akwai kwamitin rabon ƙasa na jiha da doka ta ce a kai masa irin wannan ƙara.

Ku na bakin iyaka da ke da gonaki a Nijar, can tsarinsu daban ne. Tun dokar karkara ta 1993 suna da kwamitocin ƙasa har a ƙauyuka, masu ba da takardar shaidar saye, da aro, da jingina, da gado. Ku nemi taku a can, takardar nan ba za ta yi muku aiki a can ba.

Lokacin yin duk wannan shi ne yanzu da rani, kafin ruwan shuka ya sauka, don da zarar an yi shuka ba mai sauraron maganar iyaka cikin natsuwa. Takardar da za ku rubuta ta ƙunshi sunan mai bayarwa da mai karɓa, da irin cinikin, da maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa, da itatuwan da ke ciki, da kuɗi, da wa'adi, da kwanan wata, da shaidu. A yi ta uku, ɗaya gare ka, ɗaya ga abokin cinikinka, ɗaya a wurin dagaci. Taka ka sa ta a leda ka ajiye inda gara ba za ta kai ba, ka kuma sa yaro ya ɗauki hotonta da waya. Wanda ke son a auna masa gona, ya gaya wa malamin gona na yankinsa ranar kasuwa, ya zo da igiya da maƙwabtansa.